Taronmu ya fi cika, amma akwati na ƙin mu: ina gizo ke saƙar?

Ɗan Tsako:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Idan ka tare mutane ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su ko suna son asibitin da ba zai talauta su ba, makarantar gwamnati mai inganci, albashin da zai kai ƙarshen wata, da haraji mai nauyi a wuyan masu hali, yawancinsu za su ce suna so. To ai waɗannan su ne manufofin jam'iyyun masu neman sauyi a ko'ina. Amma ranar zaɓe sai ka ga 'yan mazan jiya sun kwashe kujerun. Taronmu ya fi nasu cika, a muhawara mu ke kayar da su, a intanet kuwa ba a magana. Me ya kamata jam'iyya irin wannan ta yi ta riƙa cin zaɓe? Ni dai na fara zargin talaka ne ba ya son kansa.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka goge jimlarka ta ƙarshe tukuna, sai mu yi magana. Mutumin da kake cewa ba ya son kansa shi za ka je wa gobe kana roƙon ƙuri'a, kuma yana jin wannan rainin a muryarka ko ba ka furta ba.

Ɗan Tsako:
Anti, ba raini ba ne, takaici ne.

Uwar Biyu:
Daga inda yake tsaye duk ɗaya ne.

Tsohon Wakili:
Ɗana, bari in ba ka labari. Sau biyar ina wakilcin jam'iyya ranar zaɓe. Akwai shekarar da muka yi gangamin da har abokan hamayya suka tsorata, mutane har kan katanga. Ranar zaɓe aka ba ni kula da mazaɓa mai rumfuna goma sha takwas. Wakilanmu bakwai ne suka zo. Cikin bakwai ɗin, uku sun tafi kafin a fara ƙirga, don tun safe ba wanda ya leƙa su ko da ruwan sha. Ɗaya ya tsaya har ƙarshe amma bai san yana da haƙƙin karɓar kwafin takardar sakamako ba, ya sa hannu ya kama gabansa. Da dare a wurin tattara sakamako, ana karanto alƙaluma da fitilar waya, na ji wata lamba da na san ba haka take ba. Na miƙe na ce ban yarda ba. Jami'in ya dube ni ya ce, ina takardarka? Na laluba aljihu, babu komai sai biro. Wakilin ɗaya ɓangaren yana zaune da kwafi goma sha takwas, ya jera su a cinya ya danne da wayarsa. Na koma na zauna.

Har yau ban ce sun yi maguɗi a dukkan rumfunan ba. Wataƙila ma sun ci mu da gaske. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba mu da yadda za mu sani. Kuɗin da muka kashe a lasifika da fosta na wancan gangami da ya ishe mu horar da wakili biyu a kowace rumfa.

Ɗan Mazan Jiya:
Baba ya gama magana, a rufe zaure kawai 😂 Ni da nake ɗaya ɓangaren bari in ba ku sirri kyauta, tunda na san ba za ku yi aiki da shi ba. Mu ba ma tashi daga unguwa bayan zaɓe. Wanda aka kama ɗansa da dare, wanda matarsa ke kwance a asibiti, wanda ake shirin kora daga gidan haya, lambar wa yake kira? Ta mutuminmu. Ku kuwa sai saura wata uku zaɓe ku bayyana da takarda mai shafi tamanin.

Ƙi-Faɗi:
Wannan da kake taƙama da shi ai shi ne cutar. Ku hana mutum haƙƙinsa a asibiti, sannan ku biya masa kuɗin magani ya yi ta godiya. Mu so muke a gyara tsarin yadda ba sai ya kira kowa ba.

Ɗan Mazan Jiya:
Allah ya ba da sa'a. Kafin ku gyara tsarin, matarsa tana kwance yau.

Malamar Tarihi:
Ku tsaya, ku biyun kowa na da rabin gaskiya, kuma akwai waɗanda suka haɗa rabi da rabin. A Ostiriya akwai birnin Graz, na biyu a girma bayan Biyana. Jam'iyyar kwaminis ta ƙasar rabonta da kujera a majalisar tarayya tun 1959, wato a matakin ƙasa kusan ba a lissafi da ita. Amma a Graz, tun farkon shekarun 1990 suka buɗe layin waya na 'yan haya: mai gida ya ƙara maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ko ya ba ka takardar tashi, ka kira su duba maka takardunka, in ta kama su haɗa ka da lauya. Zaɓaɓɓunsu kuma suka ɗora wa kansu dokar ɗaukar wani kaso kaɗan na albashinsu, sauran a zuba a asusun taimakon mabuƙata, a ƙarshen shekara su buɗe littafin kowa ya gani. Shekara wajen talatin suna wannan. A 2021 suka zo na ɗaya a zaɓen birnin da kusan kashi 29 cikin ɗari, Elke Kahr ta zama magajiyar gari. Mutanen da suka zaɓe ta da yawansu ba ruwansu da Markisanci, sun dai san matar da ke ɗaga waya.

Bambancinsu da abin da Ɗan Mazan Jiya ya faɗa shi ne ba su tsaya a taimakon mutum ɗaya-ɗaya ba. Koke-koken da suka tara su suka zama manufarsu ta gidaje a majalisar birni.

Ɗan Tsako:
Malama, shekara talatin fa kika ce. Mu jira shekara talatin?

Malamar Tarihi:
Ba jira suka yi ba, ƙanina, kujeru suke ta ci ƙanana-ƙanana. Kuma wannan hanyar ba su kaɗai suka bi ta ba. A Yurugwai an kafa haɗakar masu neman sauyi ta Frente Amplio a 1971. Sai a zaɓen 1989 Tabare Vazquez, likitan ciwon daji, ya ci birnin Montebidiyo. Suka riƙe birnin, mutane suka ga ana kwashe shara, motocin haya na tafiya, duniya ba ta tashi ba. A 2004 shi wannan likitan ya ci shugabancin ƙasa, suka yi shekara 15 a jere. A Birazil jam'iyyar ma'aikata ta PT ta karɓi birnin Porto Alegre a 1989, ta fito da tsarin da mazauna unguwa ke zama su yanke inda za a kashe wani kaso na kasafin birni, ta riƙe garin shekara 16. A Meziko, Lopez Obrador sai da ya mulki babban birnin ƙasar daga 2000 zuwa 2005, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2006 da 2012, sannan ya ci a 2018 da kashi 53. Wadda ta gaje shi, Claudia Sheinbaum, ita ma daga kujerar birnin ta fito.

Abin da ke hana mutane zaɓen masu neman sauyi sau da yawa tsoro ne. Wanda yake da ɗan abin da yake lallaɓawa ba ya son a yi gwaji da shi. Ba jawabin da ke cire wannan tsoro kamar a ce masa je ka ga garin da muke riƙe da shi. Mu kuwa kowa shugaban ƙasa yake so ya zama, kujerar kansila an raina ta.

Mai Lissafi:
Ina neman izinin shigowa da alƙaluma, don akwai abin da ba a taɓo ba. Yawan ƙuri'a daban, cin zaɓe daban. Ku dubi jam'iyyar Leba ta Birtaniya. A 2017, ƙarƙashin Jeremi Kobin, ta samu kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, ta tashi da kujeru 262 cikin 650, ta zauna a adawa. A 2024 ta samu ƙasa da kashi 34, ta kwashe kujeru 411. Abin mamakin ma, yawan mutanen da suka zaɓe ta a 2024 bai kai na 2019 ba, shekarar da aka ce ta sha mummunan kaye da kujeru 202. Me ya canja? Inda ƙuri'un suka faɗo, da kuma rabuwar kan abokan hamayya. A da tana tara ƙuri'a jibgi a manyan birane da garuruwan jami'a, ta ci kujera ɗaya da ratar dubu talatin, alhali ratar ɗaya ma ta isa. A 2024 ta kwashe ma'aikatanta daga kujerun da ta san nata ne ta tura su inda ake kankankan.

A zaɓen dai, jam'iyyar Reform ta samu kashi 14 ta tashi da kujeru 5, Liberal Democrats suka samu kashi 12 suka tashi da 72, don sun san mazaɓun da suka sa a gaba. A Amurka kuma Hilari Kilinton ta fi Tiramp ƙuri'a kusan miliyan uku a 2016, ta faɗi, saboda 'yan dubbai a jihohi uku: Mishigan, Wiskonsin da Fensilbaniya.

Don haka Ɗan Tsako, cikar taronku ba ta gaya mini komai sai na san daga ina mutanen suka zo. In duk daga unguwanni biyar suke, kujera biyar kuka cika.

Ƙi-Faɗi:
Na san nan za a zo. Daga an kawo misalin Leba ta 2024, abin da ke biyo baya shi ne ku sassauta, ku daina tsorata masu kuɗi, ku matsa tsakiya. To bari ni ma in kawo nawa alƙaluman. PASOK, jam'iyyar gurguzu ta Girka, ta ci kashi 44 a 2009. Ta karɓi tsarin tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi suka gindaya, ta yanke albashi da fansho. A Janairun 2015 ba ta kai kashi 5 ba. Syriza, wata jam'iyyar masu neman sauyi a can Girka, ta hau a kan alkawarin ƙin wannan tsari, ta kira ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2015, kashi 61 suka ce ba su yarda ba, ba a yi kwana goma ba shugabanta, Firaminista Tsipras, ya amince da sharuɗɗan. Ina take yanzu? Jam'iyyar gurguzu ta Faransa ta ci shugabancin ƙasa a 2012 da Hollande, ta yi mulkin da ba a bambance shi da na 'yan kasuwa. A 2017 ɗan takararta ya samu kashi 6, a 2022 ba ta kai kashi 2 ba. Waɗannan ba tsauri ne ya kashe su ba, laushi ne. In za ka yi mulki irin na abokin hamayyarka, mutane za su gwammace na asali.

Mai Lissafi:
Yaya, ban ce a matsa tsakiya ba, cewa na yi a san taswira. Amma alƙalumanka daidai ne, ban musa ko ɗaya ba.

Uwar Biyu:
Ni rigimar tsauri da laushi ba ta dame ni ba kamar rigimar harshe. An taɓa gayyata ta taron wata jam'iyya irin wannan. Na bar yara wurin maƙwabciya na je. Awa biyu ana maganar jari-hujja da mulkin mallaka sabon salo, wani ya miƙe ya gyara wa wani ma'anar kalma, aka yi ta ja. Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne ajin 'yata, yara sun fi ƙarfin malami ɗaya, rabi a ƙasa suke zama. Da na ɗaga hannu na faɗa, sai shugaban taron ya yi murmushi ya ce wannan ai alama ce ta babbar matsala, ya koma kan babbar matsalar. Ban sake komawa ba. Kuma duba lokacin da suke sa taro, daidai lokacin da mace ba ta iya fita. Sannan a ce mata ba sa zuwa.

In jam'iyya ba za ta iya faɗa mini abu uku da za ta yi, waɗanda zan iya maimaita wa maƙwabciyata a bakin ƙofa ba tare da na duba takarda ba, to ba ta shirya ba.

Ƙi-Faɗi:
Anti, a nan kam ina tare da ke ɗari bisa ɗari, kuma misalin yana gefena. Zohran Mamdani da ya ci magajin garin Niyok a Nuwamban 2025 bai ɓoye cewa shi ɗan gurguzu ba ne. Amma abin da ya riƙa maimaitawa uku ne: a daskarar da kuɗin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade wa haya, motocin bas su zama kyauta, a samar da renon yara kyauta. Har 'yan adawarsa sun haddace. Bai sassauta ba, ya dai sauko da maganar inda ake jin ta.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne, sai dai Niyok birni ne da jam'iyyarsa ke da rinjaye tun fil azal. Abin da ya ci a can ba lallai ya ci a ƙauyukan Ohayo ba. Abin da zan ɗauka daga wurinsa shi ne ƙwanƙwasa ƙofa, don dubban 'yan sa-kai ya baza gida-gida. Wannan kuma an gwada shi a kimiyyance. A 1998 wasu malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun yi gwaji a garin New Haven: wasu gidaje aka aika musu takarda, wasu aka buga musu waya, wasu aka je aka same su ido da ido. Zuwa ƙofa ya ɗaga fitowar masu zaɓe da wajen kashi 8, takarda ta ɗan taɓa kaɗan, waya kuwa kusan ba ta yi komai ba. Ɗan Tsako, wannan ce amsar maganarka ta intanet. Wanda ya danna maka alamar so a Facebook yawanci naka ne tun asali, kuma ba ka san ko yana da katin zaɓe ba.

Ɗan Tsako:
To yanzu an bar ni ba taro, ba intanet 😅

Tsohon Wakili:
An bar ka da ƙafafunka, ɗana.

Malamar Tarihi:
Ina so in koma kan maganar Ƙi-Faɗi, don ba a amsa masa da kyau ba. Lula na Birazil ya tsaya takara a 1989, 1994 da 1998, ya faɗi duka ukun. A 2002 ya ɗauko Jose Alencar, hamshaƙin mai masaƙu daga wata jam'iyyar da ba ta gurguzu ba, ya sa shi mataimaki, ya kuma rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana tabbatar wa masu jari cewa zai mutunta yarjejeniyoyin da ƙasar ta sa wa hannu. 'Yan jam'iyyarsa da yawa sun ce ya sayar da su. Ya ci da kashi 61 a zagaye na biyu, a 2003 ya fara shirin Bolsa Familia na tallafa wa iyalai matalauta bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. A 2022 ya sake yin irin ta, ya ɗauko Geraldo Alckmin, mutumin da ya kara da shi a 2006, ya ci Bolsonaro da ƙyar, kashi 51 ma bai cika ba. Da bai yi wannan ƙawancen ba, da wuya ya kai.

To me ya raba shi da su Hollande? A ganina, Lula ya ba da kai a abubuwan da talakansa ba ya gani a cikin gidansa, ya riƙe abin da ya kai shi. Su kuwa ainihin abin da aka zaɓe su don shi suka saki.

Ƙi-Faɗi:
Malama, Allah ya ƙara sani, amma ki ƙarasa labarin. A 2005 aka bankaɗo badaƙalar biyan 'yan majalisa kuɗi don su goyi bayan gwamnati. A 2016 abokan ƙawancen nan su suka tsige Dilma Rousseff, magajiyar Lula, mataimakinta Michel Temer ya haye kujerar. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Malamar Tarihi:
Na yarda, kuma ka kawo mu inda nake so. Me ya sa suka shiga hannun waɗannan mutane? A 2002 PT kujeru 91 ta samu cikin 513 na majalisar wakilai. Ta ci fadar shugaban ƙasa, ba ta ci majalisa ba. Wannan ciwo ne da masu neman sauyi ke ta fama da shi: a samu mutum ɗaya mai farin jini a ɗora komai a kansa, a manta da kujerun da ke yin doka da kasafi. Mu da muka karanta tarihin PRP ai mun san wannan. A 1979 ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Amma majalisar Kaduna tana hannun NPN. Duk sunayen kwamishinonin da Balarabe ya aika aka ƙi amincewa da su, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a Yunin 1981 aka tsige shi. Bai cika shekara biyu ba.

Ku kwatanta da Senigal. Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku saura kwana goma zaɓe, ya ci da kashi 54 a Maris ɗin 2024. Da majalisa ta fara taka masa burki, ya jira lokacin da tsarin mulki ya ba shi dama ya rushe ta, aka sake zaɓe a Nuwamba, jam'iyyarsa ta Pastef ta samu 130 cikin 165. Ko me za a ce game da mulkinsu daga baya, wannan lissafin sun gane shi.

Tsohon Wakili:
Malama ta taɓo PRP, to a faɗi ɗaya ciwon. Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da jam'iyyar ta rabu. Jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya gina a kan tubalin NEPU tun 1950, mutane sun sha ɗauri da bulala a kanta, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ana samun mulki, ba a yi shekara biyu ba gida ya rabu, a kan ko gwamnoninta za su riƙa zama da gwamnonin wasu jam'iyyun adawa ko a'a. Wato dai wannan gardamar da Ƙi-Faɗi da Malama ke yi yanzu. A 1983 Rimi ya tsaya a NPP ya faɗi, Sabo Bakin Zuwo ya riƙe wa PRP Kano, Kaduna ta tafi NPN. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Lissafi:
Baba, kuma ba a can kaɗai ba. Faransa, zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2022: Marine Le Pen mai tsattsauran ra'ayin mazan jiya kashi 23.15 ta wuce zagaye na biyu, Melanshon na masu neman sauyi 21.95. Tazarar ba ta kai ƙuri'a rabin miliyan ba. Ɗan takarar kwaminis shi kaɗai ya kwashi wajen dubu ɗari takwas, ga na masu kare muhalli, ga ta gurguzu. Da ɗayansu ya janye, da wataƙila ɗan ɓangarensu ne ya shiga zagaye na biyu. Shekara ashirin kafin nan, a 2002, haka ta faru da Jospin na jam'iyyar gurguzu, ba su ɗauki darasi ba. Sai a zaɓen majalisa na 2024 suka tsayar da ɗan takara ɗaya a kowace mazaɓa, a zagaye na biyu 'yan takara sama da 200 daga ɓangarori daban-daban suka janye wa juna, haɗakarsu ta zo ta ɗaya a yawan kujeru. Amma fa ya danganta da tsarin zaɓen ƙasa. Inda ake raba kujeru gwargwadon kason ƙuri'a, kowa na iya tsayawa da tutarsa a haɗu bayan zaɓe. Inda mai rinjaye ke kwashe duka, rabuwa kashe kai ce.

Ɗan Mazan Jiya:
Abin da ke ba ni dariya da ku, mu in mun yi faɗa a kan kujera muke yi, kuma kujera ana iya raba ta. Ku a kan wa ya fi tsarki kuke yi, wannan kuwa ba ya rabuwa. Kuna neman maci amana, mu muna neman ƙuri'a.

Sannan ga wata da ba ku son ji. Talakan da kuke so ɗin nan yana da addininsa, yana girmama iyayensa, yana son a kama ɓarawo. Da ya ji ƙamshin kuna yi wa waɗannan kallon ƙauyanci, ko kyautar gida za ku ba shi ba zai zo ba. Lulan da kuke yabo, ana saura kwanaki zagaye na biyu a 2022 sai da ya rubuta wa Kiristocin Ibanjelika wasiƙa yana ba su tabbacin ba zai taɓa musu wuraren ibada ba. Ya san inda ƙuri'a take.

Ƙi-Faɗi:
Girmama mutane daban, jefar da masu rauni don a faranta wa masu rinjaye daban. A Denmak jam'iyyar Social Democrats ta ci zaɓen 2019 bayan ta ɗauki tsattsauran matsayi a kan baƙin haure. Ta ci, ba musu. Amma in nasarar ke nan, sunan me za mu kira jam'iyyar?

Ɗan Mazan Jiya:
Gwamnati 😂

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba amma a kiyaye harshe. Na goge saƙonni biyu da suka koma zagin iyaye. Wanda ya sake zai huta na kwana uku.

Uwar Biyu:
Ba wanda ya yi maganar kuɗi. Duk wannan wakilai da ƙwanƙwasa ƙofa da layin waya, wa zai biya? Don na ga yadda ake yi: a rasa kuɗi, a je wurin wani attajiri, ya ba da, ranar fid da gwani ya turo yaronsa. Shi ke nan jam'iyyar talakawa ta zama ta mutum ɗaya.

Malamar Tarihi:
Tsoffin jam'iyyun ma'aikata na Turai da kuɗin membobi da na ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi. Social Democrats na Suwidin sun riƙe mulki kusan ba yankewa daga 1932 zuwa 1976, kuma ƙashin bayansu ƙungiyar ƙwadago ce, da ƙungiyoyin 'yan haya, da azuzuwan karatun manya. Mutum yana cikin jam'iyyar ta hanyoyi uku ko huɗu kafin ma a zo maganar zaɓe. A wannan zamanin Bani Sandas, da ya nemi tikitin takarar shugaban Amurka, ya nuna a 2016 cewa ana iya tara miliyoyi daga ƙananan gudummawa, shi da kansa yana ta nanata cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne. Bai samu tikitin ba, amma ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba. Ni abin da na fi so game da kuɗin memba, ko yaya ƙanƙantarsa, shi ne wanda ya biya yana jin yana da bakin tambaya. Kuma jerin sunayen masu biya shi ne jerin waɗanda za ka kira su tsare akwati.

Uwar Biyu:
In dai za a riƙa karanto mana abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata, zan biya. In ba haka ba, ko sisi.

Ƙi-Faɗi:
Har yanzu ba wanda ya gaya mini inda layin yake. Malama ta ce a ba da kai a wani abu a riƙe wani. Wa zai yanke wanne ne wanne? Don kowane shugaban da ya saki hanya cewa yake ƙaramin abu ya bayar.

Malamar Tarihi:
Membobi, a babban taro, kafin a shiga ɗakin sulhu, a kuma rubuta. A Jamus SPD, wato Social Democrats ɗin can, ta kai yarjejeniyar shiga gwamnatin haɗaka gaban membobinta suka kaɗa ƙuri'a a 2013, ta sake a 2018. Ba na cewa hakan ya hana ta raguwa.

Ƙi-Faɗi:
To kin gani.

Ɗan Tsako:
Na janye maganar da na yi a kan talaka, Anti ki yafe ni. Baba, in mutum yana so ya fara, ta ina?

Tsohon Wakili:
Ka fara da duba sunanka a rajistar masu zaɓe, ka duba na mutum goma da kake da tabbacin naku ne, za ka sha mamaki. Ranar zaɓe ka tafi da biro biyu da abin cajin waya, kada ka sa hannu a takardar da ba a cike ba, kada ka tashi sai kwafinka na aljihu, ka ɗauki hotonsa kafin ka bar wurin. Amma tukuna, rumfunan zaɓe nawa ne a mazaɓarku, kuma da ƙuri'a nawa kansilanku ya ci?

Ɗan Tsako:
Wallahi ban sani ba, Baba. Sunan kansilan ma sai na tambaya.

Ƙi-Faɗi:
Ka tambayo, ni ina nan ina jiran Malama a kan maganar SPD.